Wa Zai Fara Jiƙa Ƙafa

A wani daji da rafi ya raba gida biyu, gabas da yamma, kowane ɓangare da majalisarsa da dokarsa, an yi wata gafiya mai suna Tabawa. A gabas aka haife ta, a can ta koyi haƙa. Wata rana Damisa, mai mulkin gabas, yana taku a gaban jama'a, sai ƙafarsa ta burma cikin raminta, ya kife, wani ya yi dariya. An nemi mai dariyar an rasa, saboda haka aka yanke wa mai ramin hukunci: a cinye ta. Kafin la'asar Tabawa ta haye rafi.

Yamma ta karɓe ta. Ƙasar da laushi, maƙwabta ba su da yawan tambaya. Ba ta gama share sabon raminta ba sai ga Dila, wakilin gabas, a gaban majalisar Giwa, mai mulkin yamma.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Giwa. Ba rigima ta kawo ni ba. Tabawa tamu ce, a ƙasarmu ta yi laifi, alƙalinmu ya yanke. Mu ba mu taɓa tambayar yadda kuke yi da naku ba. Ku ba mu ita, zumunci ya ɗore. Kanwar nan da kuke zuwa lasa a wajenmu ma tana gaishe ku."

Bushiya ta miƙe, ko da yake miƙewar ba ta ƙara mata tsawo ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, kakanninmu da nasu sun yi alkawari ba za a mayar da wanda ya gudo cikin bakin da zai cinye shi ba. Ba su ce sai babba ba, ba su ce sai marar laifi ba. In muka miƙa ta yau, gobe wa zai amince ya fake a wajenmu?"

Aka yi ta jinjina. Giwa ya ce bai taɓa jin jawabi mai ratsa zuciya kamar wannan ba, ya ba da umarni a koya wa yara shi. Sannan ya yanke cewa a miƙa Tabawa, amma cikin mutunci. Tabawa ta lura babu wanda ya tambaye ta komai.

To, al'adar dajin ita ce ba a miƙa mai laifi a kan tudu. Sai a tsakiyar rafi, wakilan biyu suna tsaye cikin ruwa. Gwanki aka ɗora wa aikin daga yamma. Ranar miƙawa Tabawa na tafe tsakanin kofatansa, idonta na aiki. Ta ga ya goge ƙahonsa har yana sheƙi, yana kuma satar kallon 'yan kallo. A ƙetare, Dila ma sai gyara jela yake yi.

Da suka iso bakin ruwa ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Yallaɓai, mu yi sauri mu shiga mu jira su. Bai kamata manyan gabas su tsaya jiran irinmu ba."

Gwanki ya tsaya da kofato ɗaya a sama. "Irinmu? Ke, wa ya ce miki yamma ce ƙarama?" Ya mayar da ƙafarsa kan yashi, ya ƙwala kira: "Malam Dila, bismilla, shigo!"

"Haba, Gwanki! Kai da ka kawo, ai kai za ka fara."

"Kai da ka zo roƙo dai."

"Roƙo? Ni? Haƙƙinmu na zo karɓa, mai dogon wuya!"

Haka suka yini. Rana ta faɗi, aka ɗage. A zama na gaba aka shirya su shiga tare in hankaka ya yi kuka. Hankaka ya yi kuka, kowannensu ya jira ya ga ko ɗayan zai cika alkawari. Daga nan aka naɗa kwamiti, damina ta sauka, rafi ya cika.

Tun daga lokacin, duk rani akan fito miƙa Tabawa. Abin ya zama kamar biki: birai na tallar kanya, yara na tsokanar wakilai, ita kuma takan yi wanka ta zo da wuri, ta gaisa da danginta na ƙetare, da yamma ta koma gida. Ta hayayyafa, raminta ya kai ɗakuna da yawa, ta yi ƙiba.

Wani lokaci takan zauna a bakin rami tana juya abin a ranta. Babu majalisar da ta taɓa cewa tana da haƙƙin rayuwa. A shari'a, har gobe a kan hanyar miƙawa take. Amma hatsi na nan a rumbu, jikoki na hawa bayanta, sai ta bar tunanin ta shiga ciki.

Ran nan wani jikanta da ya haddace jawabin Bushiya ya tambaye ta, "Kaka, wace doka ce ta cece ki?"

Ta gama tauna abin da ke bakinta, ta ce, "Kai dai ka riƙa addu'a kada Allah ya ba dajin nan wakili mai tawali'u."