Yadda Na Zama Ɗan Dako a Bayan Gonar Ubana

Ranar Litinin ta makon jiya na saka rigata ta yadin batik mai zane-zane, wadda ba na taɓawa sai za ni ɗaurin aure, na hau babur na nufi bakin teku don in sayi tikitin zuwa bayan gonar ubana. Kada ku ce tsufa ne ya fara taɓa ni, Amak Rohani, wato Baban Rohani, ku bari in warware muku. Tun ban yi nisa ba mai ya ƙare mini a gaban masallacin kasuwa. Na tura babur har gidan mai, na tarar layi ya zagaya ya kusa kai wa makabarta. Awa biyu ina tsaye a rana. Amma ban yi ƙorafi ba, don shugabanni sun tabbatar mana babu ƙarancin mai a tsibirin nan, zumunci ne kawai ya sa muke son taruwa a wuri ɗaya.

Ga abin da ya fito da ni. Yayana, Kak Sahdan, ya shekara ashirin da huɗu yana saran kwakwar manja a Malesiya. Watan jiya ya dawo gida da akwati ɗaya, da gwiwa mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa, da ido ɗaya. Na hagun ya riga ya tafi, na daman kuma likita ya ce yana ɗaure kaya. Muna shan kofi a tsakar gida sai ya ce da ni, "Dik, ƙanena, ka kai ni Tiyu Lendang in gan shi tun ina iya gani. Shi ke nan abin da nake roƙonka."

Tiyu Lendang magangarar ruwa ce da ke zubowa daga kan dutse, a bayan tsohuwar gonarmu. Can mahaifiyarmu take wanki, can muka koyi iyo, can aka fi zane mu. Na kasa gaya masa cewa shekara shida ke nan da aka zagaye wurin da waya, aka kafa ƙofa mai fenti, aka rubuta barka da zuwa cikin harsuna biyar, ban da namu. Yanzu ba a shiga sai da tikitin abin da suke kira yawon kasada na yini guda: tafiyar ƙafa cikin daji, lilo a igiyar ƙarfe daga tsauni zuwa tsauni, bin kogi a kan robar cikin taya, abincin rana, sannan a ƙarshe a nuna maka ruwan.

A rumfar sayar da tikiti na sami wata mata mai fara'a, Bu Hartini, tana fifita da takardar talla. A nan Bu muke ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Pak.

"Bu, mutum biyu ne. Ruwan kawai muke so mu gani, mu dawo."

"Ai ba a raba shi, Pak. A dunƙule yake."

"Yayana shekararsa sittin da uku. Me zai yi da lilo?"

"To sai ya yi lilon a hankali."

Da ta faɗi kuɗin sai na waiga, na zaci da wani Bature take magana a bayana. Abin ya kai shinkafar gidana ta wata guda. Nan na tuna da alƙawarin shugaban yankinmu, Mai Girma Mai Almakashi, gwanin yanke zaren buɗe ayyuka, wanda ya tsaya a kan motar kamfe ya rantse cewa ɗan ƙasa ba zai biya ko rupiya ɗaya ba don ya ga abin da Allah Ya ajiye masa a ƙasarsa. Ina wurin ranar, har hula aka ba ni.

"Akwai wannan tsarin," in ji Bu Hartini. "Sai dai ka kawo shaidar kai ɗan ƙasa ne."

Na zaro katin shaidata na miƙa mata ina alfahari.

"Wannan ya nuna a nan kake zaune, Pak. Bai nuna kai ɗan nan ba ne."

Jama'a, ku duba zurfin tunani! Shekara hamsin da takwas ina yawo a doron ƙasa ban taɓa lura da wannan bambanci ba, sai da hukuma ta buɗe mini ido.

Ranar Talata na yi sammako zuwa wani ofishi da ke cikin gari, wanda aka ce shi ke tantance 'yan ƙasa. Ofishi ne mai kyau, sanyi kamar cikin firji, ga hoton Tiyu Lendang ya cinye bango guda. Wani ma'aikaci yana cin soyayyar ayaba a kan tebur, ya saurare ni da ladabi har na gama, sannan ya ce takardar a shirye take, hatimi kawai ya rage.

"To a buga mana, Pak."

"Hatimin yana aljihun Shugaba."

"Shugaban fa?"

"Ya tafi ƙaro ilimi ƙasar waje, shi da mutum goma sha huɗu. Sun je koyo yadda ake kula da masu yawon buɗe ido a ƙasa mai zafi."

"Wace ƙasa suka je?"

Ya faɗi sunanta. Ƙasa ce da ƙanƙara ke rufe mota har rufi. Na ce madalla, Allah Ya dawo mana da Uban Hatimi lafiya, Ya sa bai manta da shi a aljihun rigar sanyi ba. Ma'aikacin ya ce amin da zuciya ɗaya, ya ƙara da cewa ko da an buga hatimin, sai na yi rajista ta waya, kuma 'yan ƙasa rana ɗaya aka ware musu a wata, kuma jiya aka yi ta wannan watan.

Na dawo gida jiki a sanyaye. Kak Sahdan yana zaune a bakin ƙofa, ya kai wata jarida dab da hancinsa yana ƙoƙarin karanta manyan baƙaƙe. Mako guda kafin nan yana iya karanta su daga nesa kaɗan. Na wuce shagon maƙwabcina Pak Muhrim mai kofi, na zazzage masa cikina.

Pak Muhrim ya yi dariya har da tari. "Kai dai Amak Rohani, girma ne kawai gare ka. Wa ya ce ka je a matsayin ɗan ƙasa? Ɗan ƙasa ai wahala ce."

"To a matsayin me zan je? Aljani?"

"Ka saurari yayanka idan yana magana. Bakinsa ya juye, kamar a Malesiya aka yanke masa cibiya. Ka sa masa hular rana da baƙin gilashi, ka rataya masa jaka. Kai kuma ka cire wannan rigar ta angwaye. Baƙo yana da izinin shiga da ɗan dako ɗaya kyauta. Yana nan a rubuce a bayan takardar tallan, ku ne ba kwa karanta bayan takarda."

Na ce ba zan yi ba, ni dattijo ne, ina da suruki. Matata, Inak Rohani, da ta ji labarin, ta ajiye ludayi ta ce, "Shekara talatin kana ɗauko mini buhun shinkafa daga kasuwa ba ka ce kai dattijo ba ne. Mutumin nan idonsa tafiya yake, kai kana lissafin suruki."

Ranar Laraba muka koma rumfar. Kak Sahdan ya buɗe baki ya yi gaisuwa irin ta can, sai Bu Hartini ta miƙe tsaye. Aka kawo kujera, aka fasa masa ɗanyar kwakwa aka sa tsinken sha. Minti biyar an gama komai, ba hatimi, ba rajista. Ya biya daga ɗan abin da ya taro na magani, na kau da kai don kada in gani. Bu Hartini ta dube ni, ni da muka yi muhawara shekaranjiya, ta ce, "Wannan ne yaron naka, Tuan, ranka ya daɗe?"

"Shi ne," in ji yayana. "Malalaci ne, amma ba ya sata."

Alhamis da safe mota ta kwashe mu tare da wasu Turawa shida masu jan hanci. Jagoranmu Jumahir ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda gonarsu ce aka mayar wurin ajiye motoci. Yana ganinmu ya gane mu. Ya dubi hular Kak Sahdan, ya dubi jakar da ke bayana, ya ciji leɓe, ya ce, "Barka da zuwa tsibirinmu, Tuan. Da fatan za ka ji kamar kana gida."

Cikin daji Jumahir ya tsayar da mu, ya karanto tarihin wurin kamar yadda ofis ya rubuta masa. Wai wata gimbiya ce take wanka a Tiyu Lendang, hawayenta ne suka zama ruwan, duk wanda ya wanke fuska zai rage shekara goma. Turawa suna ta gyaɗa kai. Kak Sahdan ya matso kunnena ya ce, "Gimbiyar da na sani a wurin nan ita ce Inak, mahaifiyarmu, da sabulun wanki da tsumagiya."

Batun lilo kuwa, gara in faɗa da bakina kafin Pak Muhrim ya ƙara masa gishiri. An ɗaure yayana da bel, aka sake shi a kan igiya, ya tsallake kwarin yana dariya, don shi bai ga zurfin ba. Ni da nake da ido biyu lafiyayyu na ga komai. Na karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. An ce ihuna ya tashi birai daga bishiya uku. A kogi kuma robar ta kife da ni, shinkafar da aka ƙunsa mana a ganyen ayaba ta riga mu isa teku. Wata Baturiya mai suna Marlis ta raba nata da mu.

Wajen ƙarfe uku, a jiƙe, a gajiye, muka iso ƙofar ƙarshe. Muna jin rugugin ruwan daga nan. Kak Sahdan ya cire gilashi. Sai ga wani mai kaki ya tare hanya.

"An rufe. Sai gobe."

"Kamar yaya an rufe?" in ji Jumahir. "Mutanen nan sun biya."

"Mai Girma yana ciki. Ana buɗe sabon banɗaki."

Ta tsakanin waya muna hango rumfa da kujeru da masu kiɗa, da motoci tara da aka shigo da su ta hanyar da aka ce mana mota ba ta bi saboda kare muhalli. Banɗakin da ake magana, wannan shi ne karo na uku da ake buɗe shi. Ruwa ne dai har yanzu ba a ja masa ba, ga shi kuwa a gindin magangara.

Na dubi yayana. Bai yi faɗa ba. Ya dai tsaya ya karkata kai wajen ƙarar ruwan yana saurare. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Gobe ba mu da kuɗin wani tikitin, wata mai zuwa kuma ban san abin da zai rage a idon ba.

Can sai ya ce, "Jumahir, bishiyar duriyan ɗin nan ta kan iyakar gonarmu tana nan?"

"Tana nan, Kak."

"To ku biyo ni."

Aikin Jumahir na cikin haɗari, kowa ya san haka. Ya dubi mai kaki, wanda hankalinsa ya koma kan kwalin abincin da ake rabawa, sannan ya ɗaga 'yar tutarsa ya ce da Turawa akwai wani ɓangare na musamman.

Mutumin da ba ya iya karanta jarida shi ya shige gaba. Ya bi da mu ta bayan duriyan, ta cikin gora, ta kan wani dutse mai santsi da ya ce mu taka ta hagu. Ƙafarsa ba ta manta ko taku ɗaya ba. Muka ɓullo ta gefen dutsen, sama da rumfar Mai Girma, inda feshin ruwan yake dukan fuska. Ya tsaya ya daɗe.

"Kana gani, Kak?"

"Ina ganin fari yana saukowa," ya ce. "Da kore a gefe. Ya isa, Dik. Haka na bar shi."

Ya durƙusa ya wanke fuska, ya daɗe yana wankewa fiye da yadda fuska take buƙata. Daga ƙasa lasifika tana ta sanar da cewa Mai Girma ya kusantar da al'umma ga albarkatunta.

Marlis ta rubuta a intanet cewa wannan ɓoyayyiyar hanya ita ce mafi daɗin abin da ta gani a tafiyarta. Allah Ya saka mata, da kyakkyawar niyya ta yi. Kwana huɗu bayan nan aka ba Jumahir takardar gargaɗi, aka dakatar da shi mako biyu. A rana ta biyar aka kafa sabuwar ƙofa a gindin duriyan, da allo mai cewa Tafarkin Kakanni, da kuɗinsa daban. Masu cewa hukumominmu ba su da sauri, ku zo ku ba da haƙuri.

Kak Sahdan yanzu yana yini a shagon Pak Muhrim, yana ba da labarin ihuna ga duk wanda ya sayi kofi. Jumahir kuma Inak Rohani tana aika wa gidansa da abinci har sai ya koma aiki.

Jiya da hantsi na leƙo na ga wani Bature ya tsaya a bakin shingenmu, yana ɗaukar hoton rijiyar tsakar gidana, yana cewa kyakkyawa ce, ta gargajiya ce. Ban tsaya neman takalmi ba. Na fito da gudu na kifa mata tabarma, na rantse masa ta ƙafe tun zamanin kakana, kuma akwai maciji a ciki.