Idon Baba a Ƙasan Falo

Ba na tsammanin zan taɓa mantawa da ranar da na tara matan Zumunta na cocinmu a falonmu na Kafanchan domin su kori idon mahaifina daga ƙasan ɗaki.

Marigayi Baba kafinta ne, kuma ya tsani duk abin da ke kwaikwayon katako. Da shekara ta zagayo aka sa ranar sujadar godiya domin tunawa da shi, sai Mama ta damƙa mini gyaran falo, tunda ni ne na gama jami'a. Bayan dogon nazari (har da batun kauri da jure danshin daminarmu), na zaɓi ledar zamani da ke zuwa falle-falle da zanen katako. Na san sarai abin da Baba zai ce, amma na saya.

Washegarin shimfiɗa ta, da rana tsaka, ina zaune ni kaɗai. Hadari ya rufe gari, ruwa ya ƙi sauka. Na sunkuya ɗaukar biro, sai na ga ido yana kallona daga ƙasa. Tabo ne irin wanda reshe ke bari a jikin katako, amma a kanne yake, da ɗan tsagi a samansa, daidai yadda Baba ke yi idan yana duba aikin da bai gamshe shi ba. Na matsa bakin ƙofa, na tarar da shi a can. Na leƙa ƙarƙashin kujerar Baba, yana nan ma, yana jirana.

Ni ba mai camfi ba ne, saboda haka na ɗauko rula. Na auna idanun uku ɗaya bayan ɗaya, ban sami bambanci ko na silin gashi ba. A nan na yarda idon Baba ne, domin tun ina ƙarami Baba ya koya mini cewa Allah bai taɓa yin tabo biyu iri ɗaya a jikin itace ba. (Digirina kaf a wannan jumla ya tsaya.)

Na kulle falon, na shaida wa Mama cewa Baba bai ji daɗi ba, dole a ɓamɓare ledar kafin Lahadi, ranar godiyar, ko da baƙi za su tarar da siminti tsirara. Hankalinta ya tashi. Ta aika coci aka kira matan Zumunta daga wurin gwajin waƙa.

Suka shigo shiru, cikin atamfarsu iri ɗaya, kowacce da Littafi Mai Tsarki a hammata. Shugabarsu, Mama Saratu, ta rage murya.

"Ina shi yake, ɗana?"

Na nuna da rula. Ta durƙusa ta duba na farko, ta rarrafa zuwa na biyu. Can ta miƙe, ta jawo matar da ke kusa da ita.

"Talatu, juya mana." Ta nuna tsuntsun da ke bayan zanen Mama Talatu. "Oga Graduwet, wannan tsuntsu, da na bayan Hannatu, da nawa, su ma ka auna? Inji ne ya buga su. Kai ba roba ka saya ba?"

Dariyar da ta ɓarke ta kai bakin titi. Mama Talatu ta matso tana girgiza: "Auna ni, ɗana, ko ni ma fatalwa ne!"

Mahaifiyata ta share hawayen dariya, ta ce, "Ubanka da ya ƙi zama a kujerar roba a coci, shi zai dawo ya shiga cikin leda?"

Ledar tana nan, an yi godiyar a kanta, kuma har yau a cocinmu Mai Rula ake kirana. Na koyi cewa kafin mutum ya auna abu, ya kamata ya fara tuna abin da ya saya. Duk da haka, na ɗora kujerar madaci da Baba ya sassaƙa a kan tabon bakin ƙofa. Ba tsoro ba ne. Ba na son ya ga robar ne kawai.