Motar Ndagi da Mayen Ƙarfe

Ko na tsufa ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi tona asirin manemin ƙanwata Rabi ba.

Sunansa Ndagi, mutumin Bida ne, yana zaune a unguwar Tunga. Tun zuwansa na farko hankalina bai kwanta da shi ba, kuma motarsa ce sanadi: wata 'yar ja mai kujera biyu, ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi kwalta. Wai a bayan wani gareji ya tsince ta, kaji na ƙwai a ciki, ya yi shekaru yana gyara, yana neman kayanta har Legas. Wai ta girme ni, kuma irinta ta yi ƙaranci a duniya. Na ce a raina, wannan daɗin bakin bai yi mini ba.

Ranar da ya zo gaida Baba, suna shiga falo na zagaya wajen motar. Na ƙwanƙwasa ƙofarta, sai na ji sauti kamar na tankin ruwa na roba. Lallai! Na ɓalle mayen ƙarfe daga wata tsohuwar rediyonmu (har da murmushi, wai ni ɗan sandan ciki), na manna a ƙofa, ya faɗi. Na ja shi a kan bonet, wato murfin inji, tun daga gilashi har fitila, bai kama ba.

Ko sallama ban yi ba na faɗa falo.

"Baba, mutumin nan mayaudari ne! Motarsa ma roba ce, fenti ya shafa mata!"

Rabi ta leƙo daga kicin, ta dafe kai. Ndagi ya ajiye kofinsa a hankali.

"Gaskiya ne, Yaya, ba ƙarfe ba ne. Faiba ce, haka aka ƙera ta tun daga kamfani. Shi ya sa ba ta tsatsa."

Baba ya dube ni ta saman tabarau. "Abin da yake ba ni labari ke nan ka shigo. Kai ta yaya ka gane?"

Na nuna mayen ƙarfen. Nan take fuskar Ndagi ta canja. Muka fita gaba ɗaya, sai ga wani farin zane dogo a kan bonet, aikin hannuna. Ya tsuguna, ya shafa wurin da yatsa. Can ya ce, "Ba komai, Yaya." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

An ɗaura aure, 'ya'yansu biyu yanzu. Ni kuwa daga ranar, in zargi ya taso mini, sai in zuba hannuwana a aljihu in yi tambaya da baki.