Rasuwar Kwamfutar Matata a Hannun Yayanta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da ban ga dalilin ɓoye shi ba, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da masu kawo min kekunan ɗinki gyara, rasuwar tsohuwar kwamfutar gidanmu. Ta cika ranar Talatar da ta wuce da rana tsaka, a kan teburinta, a ɗakin matata marigayiya. Ta daɗe tana jinya, amma ba jinyar ce ta ɗauke ta ba. Hannun mutum ne. Mai hannun kuwa yayan matata ne, kawun 'yata, wanda tun ranar ban ce masa ko sannu ba, kuma har na zauna rubuta wannan sanarwa ban yanke shawarar ko zan sake ce masa ba.

Ba na roƙon kowa ya yi mata addu'a. Na san ba ta da rai. Mutane da dama sun riga sun tuna min da haka, kowanne da fuskar wanda ya gano abin da ya gagari malamai.

Marigayiyar ba da ƙuruciyarta ta shigo gidan nan ba. Matata ce ta sayo ta a hannu, lokacin tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti, wai don ta riƙa tsara ranakun aikinta. Baƙa ce, mai nauyi, murfinta na da tsaga a kusurwa, batirinta kuma ya riga ta barin duniya da shekaru, don haka ba ta taɓa rayuwa nesa da waya ba. Saboda ita ne matata ta sayi wani ɗan akwatin batir da ke riƙe mata wuta idan an ɗauke.

An ce a ambaci mamaci da alheri. Zan yi ƙoƙari, amma ni mutum ne da ƙarya ke yi wa wuya. Marigayiyar ta kasance mai nawa. Kana iya kunna ta ka tafi ka yi wanka ka dawo ka same ta tana tunani. Takan yi maka tambaya da amsa biyu, duk wadda ka zaɓa sai ka yi nadama. Ta yi gaba da na'urar buga takarda har ƙarshen rayuwarta, ko sun kwana a tebur ɗaya sai ta ce ba ta san ta ba. Ta taɓa cinye min wani dogon rubutu da na yi a kan ko ya halatta mai gyara ya karɓi keken da ya san ba zai ƙara ɗinki ba, don kawai kada ya karya zuciyar mai shi. Ban yi nisa a makaranta ba, abin da na sani ni na koya wa kaina, don haka kowane layi da gumi na same shi. Ta haɗiye shi duka, ta yi “ɗin!” kamar mai gyatsa. A wancan zamani, da wani ya kashe ta, da na raka shi har bakin titi ina godiya.

Alherinta ɗaya ne, amma ya rinjayi duk wannan. A cikinta akwai wani wasan jera karta na mutum ɗaya. Idan matata ta dawo daga aiki ƙafafunta a kumbure, takan tuɓe takalmi, ta zauna ta yi ta jera ja a kan baƙi, baƙi a kan ja. Idan na ce mata wannan ɓata lokaci ne, sai ta ce, “Kai da ka kwana uku kana tunanin ko ɓera ya san sata yake yi, kai ne za ka yi min wa'azin lokaci?”

Wata ranar da yamma tana cikin wasan ta dafe kai. Ta ce, “Bari in ɗan kishingiɗa, kaina kamar zai tsage. Kada ka taɓa min wasana, na kusa ci.” Kafin magariba muna asibitin da take aiki, a wannan karon ita ce a kan gadon. Ba ta dawo gida ba.

Bayan mutane sun watse na shiga ɗakinta na tarar da kwamfutar a kunne, fankarta na “fuuu” a hankali, wasan yana nan yadda ta bar shi. Jar bakwai ce ke jiran a ɗora ta a kan baƙar takwas. Ko makaho ya ga daga nan wasan ya buɗe. Na ja kujera na zauna, hannuna a kan maus ɗin da ake jan kartar da shi, sai na tuna an ce kada in taɓa.

Da na fara jin wani “ƙir, ƙir” daga cikinta, na kira mai gyaran kwamfuta har gida. Ya kara kunnensa a jikinta kamar likita, ya ce, “Malam, wannan da ƙarfin hali take tafiya. Faifan cikinta ya gaji. Muddin yana juyawa zai ci gaba da juyawa. Ranar da ya tsaya, to ya tsaya ke nan.”

Na ce, “To kwashe min wasan ka ajiye a wani wuri.”

Ya ce, “Irin wannan ba a ajiye shi. Tsohon yayi ne. Kana rufewa ya watsar, in ka buɗe ya raba sabuwar karta.”

Tun daga ranar marigayiyar ba ta sake barci ba, fiye da shekara uku. Na ƙara wa akwatin nan batirin mota da hannuna. Na ɗora ta a kan katakai biyu don iska ta ratsa ƙarƙashinta, na sa mata ƙaramar fanka a gefe, na yafa mata ƙyalle mai shara-shara saboda ƙura. Kullum in na taso daga shago sai na ɗaga ƙyallen na duba. Na yi ta juya tambayar nan a raina: shin umarni yana mutuwa idan mai shi ya mutu? Idan na ɗora jar bakwai na ci wasan, cika mata buri na yi ko cin amana? Idan ban ɗora ba, biyayya ce ko tsoron in ga wasan ya ƙare? Ban kai ga amsa ba, kuma ban yi gaggawa ba. Muddin kartar na jira, akwai wani abu guda a gidan nan da bai san matata ta tafi ba.

Yanzu sai in zo kan wanda ya yi aika-aikar.

Yayan matata ya yi rayuwarsa yana kula da ginin wani ofis. Babban aikinsa shi ne, idan an tashi, ya bi ɗaki-ɗaki yana kashe fitilu da fankoki da duk abin da ke ƙara. Ya bar aikin, aikin bai bar shi ba. Mutum ne da zai shigo maka gaisuwa ya fita ya bar ka a duhu. Ya taɓa kashe firjin gidan ɗansa saboda ya ji shi yana gurnani. Kowa a dangi ya san wannan ciwon nasa, kowa dariya yake yi.

Ya zo ganin likitan ido, ya sauka a gidana. Na ba shi ɗaki, na ba shi mabuɗi, na tafi shago. Da rana ya ji ƙara a ɗakin ƙanwarsa. Ya tura ƙofa, ya ɗaga ƙyalle, ya ga kwamfuta a kunne ba kowa a gabanta. Bai tsaya nan ba. Ya bi waya har ƙarƙashin tebur, ya kashe akwatin batir, ya zare kowace waya, ya naɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya jera a kan tebur tsaf. Wannan naɗin ne ya fi ci min rai. Mai ɓarna cikin sauri ana iya cewa tsautsayi ne. Shi a natse ya yi, da ƙwarewa.

Na dawo na same shi a falo yana fifita da jarida, don ya kashe fankar falon ma. Ya ce, “Mijin ƙanwata, ashe haka kake wasa da wuta? Abu na ta kuka a ɗaki ba kowa! Na kashe maka komai. Ba sai ka gode ba.”

Ban tuna yadda na isa ɗakin ba. Na mayar da wayoyin, na danna. Marigayiyar ta yi “ƙat,” ta yi shiru, ta sake “ƙat, ƙat,” kamar mai neman ya faɗi wata magana. Wani farin rubutu ya fito a baƙar fuskarta. Wannan ne sautinta na ƙarshe. Mai gyara ya zo washegari, ya buɗe cikinta, ya rufe, ya ce, “Sai haƙuri, Malam.”

Tun ranar masu ba da baki ke sintiri a shagona, don haka bari in amsa musu gaba ɗaya a nan, kowa ya huta.

Masu cewa ai da kyakkyawar niyya ya yi: na yarda. Amma kyakkyawar niyyar da ba ta tambaya, girman kai ne sanye da farar riga. Mutum ya ga na'ura a kan katakai, da fankarta, da batirin mota, da mayafi, bai ce a ransa ba, “Wani ya wahala a kan wannan, bari in jira mai gida.” Ya ɗauka duk duniya ofishinsa ne, mu kuma ma'aikata ne masu mantuwa. Matambayi ba ya ɓata, shi kuwa bai taɓa tambayar kowa ba kafin ya danna.

Masu cewa da na manna takarda a ƙofa: in rubuta me? “Kada a kashe, matata ba ta gama wasa ba”? Don ku samu abin hira a gidan suna?

Masu cewa ai dama wata rana za ta mutu: haka ne. Kowa ma wata rana zai mutu, ban ji an sallami mai kisa saboda wannan hujja ba.

'Yata, wadda ita kaɗai a dangi ta san sirrin ɗakin, ta zo shago ta nuna min wayarta. Ta ce, “Baba, na taɓa ɗaukar hoton wasan, ga shi, komai ya fito.” Na ce ta mayar da wayarta jaka. A hoto kartar ba ta jiran kowa.

Ba ta tafi ba. Ta ture wani kan keke gefe ta zauna a benci, ta ce, “Baba, Kawu ya daina cin abinci. Da na gaya masa abin da ke ciki, a ƙasa ya zauna. Kai matarka ce, na sani. Ni uwata ce, shi kuma ƙanwarsa ce, ya goya ta. Kai kaɗai ka kulle ta a ɗaki ka riƙe mabuɗi.”

Na ce, “Rashin cin abincinsa ba zai juya faifai ba.”

Ta ce, “Ka san abin da ya ce yana kuka? Wai tun tana ƙarama haka take. In suna wasa ta ga za ta ci, sai ta miƙe ta ce kada a taɓa, ta tafi abinta, ta bar shi yana gadin wasa har rana ta faɗi. Wai ta fi son a jira ta a kan ta ci.”

Na ajiye sukudireba. Na zauna da matar nan shekaru masu yawa, na san yadda take tari, na san ƙafar da take fara sa wa takalmi, amma ban san wannan ba. 'Yata ta zaci na huce. Ban huce ba, fushin ne ya sauya wuri. Ashe mutumin nan yana riƙe da duk ƙuruciyarta, tun daga rarrafe har ranar da na fara ganinta, shekarun da ban ga ko yini ɗaya a cikinsu ba. Yana zuwa gidana yana cin abincina yana kashe min fitilu, bai taɓa buɗe baki ya ba ni ko guntu ba. Ya lalata ɗan abin da nake da shi, alhali shi rumbu gare shi.

Marigayiyar ta rasu ta bar maus ɗaya wanda gefensa ya koɗe daidai inda babban yatsan matata ke zama, da caja mai ɗaurin salatif, da ƙaramar fanka wadda yanzu ba ta da wanda za ta yi wa fifita, da batirin mota mai sauran ƙarfi, da abokiyar gabarta na'urar buga takarda, wadda ban ga alamar juyayi a tare da ita ba. Ta kuma bar ni.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar bayan la'asar, a gida. Za a naɗe ta a mayafinta, a sa ta a kwali, a ɗora a saman kabad ɗin matata. Mai sayen tsofaffin ƙarafa da ya riga ya aiko yana tambaya, ya sani ba a gayyace shi ba. Duk wanda ya san bakinsa zai ce min in sayi sabuwa, ya yi zamansa a gida, na karɓi ta'aziyyarsa daga nesa.

Yayan matata kuwa dole ya zo, kuma 'yata ta tabbatar ya ci abinci kafin ya fito, don ba na son ya faɗi min a ɗaki. Shi zai ɗauki kwalin, shi zai ɗora shi a saman kabad, ciwon bayansa bai dame ni ba. Idan ya sauko zai zauna a kujerar matata ya fara min labarinta tun daga ranar da aka haife ta, kada ya tsallake komai, har ƙaryar da ta yi da dukan da ta sha. Abin da bai ƙare ba ranar, ya dawo wata Asabar ɗin ya ci gaba, haka har ya zo ranar da na fara ganinta.

Kada ya ɗauka na yafe. Diyya nake karɓa.