Ranar da Na Je Biki da Tafkin Chadi a Jaka

Komai tsufan da zan yi, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi wa wani dattijo gardama a kan Tafkin Chadi, ni da ko a mafarki ban taɓa ganin tafkin ba.

A tsakiyar shekarun 1980 na baro Kano ina saurayi, na zo Maiduguri koyar da labarin ƙasa. Ɗaki ɗaya na kama a Mafoni. Mutanen gidan ba su da laifi, da Hausa suke gaishe ni, amma da hira ta yi daɗi sai ta koma Kanuri, a yi ta ƙyaƙyata dariya, ni kuma ina bin su da murmushin wanda bai san abin da ake ciki ba. Kalma ɗaya na iya, "wushe", wato sannu. Ita kuwa hira ba ta yiwuwa da sannu kaɗai. Tun la'asar nake shigewa ɗaki.

Wata Asabar a Kasuwar Kwastam na tarar da wani ya baje tsofaffin littattafai a ƙasa, har da insakulofidiya, manyan kundayen nan na Turanci masu bayanin komai da komai. Ba su cika ba, gara ta cinye wasu. Na ɗaure guda shida a bayan keke. Su suka zama abokan hirata. (Sai da ta kai na san yadda ake kamun kifi a ƙasashen ƙanƙara, amma ban san sunan mai ɗakin da ke jikin nawa ba.)

Ana nan sai wani abokin aikina, Malam Modu, ya gayyace ni ɗaurin auren ƙanwarsa a Moduganari. Gayyata ta farko ke nan da na samu a garin. Na goge babbar rigata, sannan na jefa kundi ɗaya a jaka, don na tabbata babu wanda zai kula ni.

Ashe na yi kuskure. Bayan an shafa fatiha aka zaunar da ni kan tabarmar manya a inuwar dogon yaro, kusa da kawun amarya, Alhaji Jidda, tsohon makiyayi da ya koma dillancin shanu. Ya dube ni ya ce, "Mu juya harshe saboda baƙonmu." Gaba ɗaya suka koma Hausa, saboda ni. Wallahi har ƙwalla na ji.

Ya shiga ba da labarin farin da aka yi. Ya ce ya kora garkensa zuwa tafki, ya isa inda ya san gaɓa tun yana yaro, bai ga ruwa ba sai busasshiyar laka. Ya yi ta tafiya a cikinta, shanun suna zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Mai hankali "Allah ya mayar da alheri" zai ce ya yi shiru. Ni kuwa wata shida ina tara magana ba mai saurare, ga shi an taɓo fannina.

Na ce, "Baba, anya kuwa? Wataƙila dai hanya kuka ɓata. Tafkin nan ai ya wuce a ce ya janye haka."

Malam Modu ya taka mini ƙafa. Ban gane ba. Na zaro kundin, na buɗe taswira, na tashi tsaye ina zagayawa da ita a gaban dattawa kamar ina cikin aji. Har da cewa, "Ku duba da kyau."

Alhaji Jidda ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa.

"Malam, duk shuɗin nan ruwa ne?"

"Duk ruwa ne, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Kash. Da ka zo mini da shi tun wancan lokacin, ai da na buɗe wa shanuna sun sha."

Da dariya aka yi, da ta fi mini sauƙi. Ba wanda ya yi. Malam Modu ya karɓi littafin, ya buɗe shafin farko, ya nuna mini shekarar da aka buga shi. Ashe tun ina goye a bayan Inna aka buga shi. Shinkafar da aka ajiye mini ko loma ban iya kaiwa ba. Na saci jiki na hau keke, hirar kuma tun kafin in sha kwana na ji ta koma Kanuri.

Mako uku ina ɓoye wa Malam Modu a makaranta. Sai ga shi da saƙo: Alhaji ya ce in shirya ranar Juma'a, motar shanu za ta Baga, can bakin tafkin. Muka je. Alhaji ya tsayar da ni a tsakiyar wata gonar wake, ya ce, "Nan a littafinka jirgin ruwa ke wucewa." Sai a ranar ya yi dariyarsa, ni ma na samu na yi.

Yanzu 'ya'yana kullum sai sun ce in zubar da kundayen nan, wai komai yana cikin waya. Na ƙi. Sun zauna da ni lokacin da ba ni da kowa, kuma ba su yi mini ƙarya ba, tsufa kawai suka yi. Sun ma rubuta shekarunsu a shafin farko, ni ne ban duba ba. Ita wayar sau da yawa ko wannan mutuncin ba ta yi maka.

Abin da na koya dai shi ne, in littafi ya ce akwai ruwa, mai shanu ya ce babu, to ka rufe littafin ka ci shinkafarka.