Tsawar Gwangwani ta Garzali Jamus

Garzali Jamus ba wanda bai san bakinsa ba a Funtuwa. Tun da ya dawo daga Turai, in ya zauna teburin mai shayi, har shayi ya huce bai kai aya ba. Shi dai injiniyan hayaƙi ne. Masu gulma kuwa sun ce tukwane yake wankewa a can.

Kawunsa Isuhu ke ci da shi, da injin niƙa mai shan dizal. Injin kuwa in ya yi tari, sai kajin unguwa su shige akurki. Mai Unguwa Bawa ya gaji da ƙara, ya ce ko hayaƙi ya mutu kafin Asabar, ko a rufe wurin.

Garzali ya ga tuwonsa zai yi ƙafa. Ya ce, "Kawu, sha kuruminka. Cikin hayaƙin nan akwai wata muguwar iska mai cin huhu, Turawa na kiranta naitirojin oksayid. Filazma ake sa mata."

"Fila me?"

"Tsawa ce ake ɗaurewa a gwangwani. Hayaƙi ya ratsa ta, ta farfasa shi. Abin da zai fito, ko jariri ya shaƙa sai ƙiba."

Ya sami ragar kashe sauro mai batir, ya cusa a gwangwanin madara, ya ɗaura a bakin salansar injin. Aka tada inji. Raga na ƙyas-ƙyas, hayaƙi na tuƙuƙi abinsa. Garzali ya sosa ƙeya. Can idonsa ya faɗa kan masai da ke bayan shago. Ya lallaɓa ya jona tiyo ta ƙarƙashin salansa, ya binne, ya zura bakin cikin ramin, ya danne murfi da bulo.

Ran Asabar unguwa ta taru. Mai Unguwa ya iso cikin farar babbar riga, ta sha bugu tana ɗaukar ido. Kawu ya kawo masa fura kwano guda, ya shanye tas. Inji ya ɗauka, tuf-tuf-tuf, gwangwani na tartsatsi, hayaƙi ko ɗis.

"Ina ya tafi?" in ji Mai Unguwa.

"Ranka ya daɗe, ya tuba. Ya koma iskar Allah."

Jama'a suka hau tafi. Garzali ya gyara tsayuwa, ya fara ba da labarin yadda Turawa suka yi kuka ranar da zai taho. Yana cikin haka fura ta motsa. Mai Unguwa ya dafe ciki.

"Isuhu, ba ni buta in zaga."

Garzali ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, ai gida ya fi. In kai ka a babur?"

"Yaro, ba zancen babur ba ne."

"To a kashe inji tukuna."

"A bar shi ya yi ta yi, mu ga ƙarkon aikin."

Babba da buta a hannu, wa ya isa ya tare masa hanya? Mai Unguwa ya nufi masai, Garzali ya kasa kunne. Ya ji an tura ƙyaure. Ya ji an ja bulo.

Buf!

Hayaƙin da aka tara ya yi sama kamar an toya taya. Mai Unguwa ya fito yana tari, daga hula har takalmi kamar gindin tukunya, ido da haƙori kaɗai ke haske. Garzali ya soma ja da baya, sai ya ji Kawu ya damƙe masa wuyan riga.

Mai Unguwa ya matso a hankali, ya miƙa masa butar.

"Injiniya, na ga tun da ka dawo kake rama. Shiga ka yi ƙiba." Ya waiwaya. "Isuhu, ƙara wa injin wuta."