Bijimin Alhaji Mai Koko

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da Mushe Idi, malaminmu na tarihi, ya ce mu ajiye littattafai mu koma gida mu tambayi tsofaffinmu ba. Ya buɗe wa ajinmu rumbun bayanai a intanet. Kowa zai yi hira da wani dattijon Zongo, unguwarmu ta Hausawa, ya shigar da sunansa, garin da ya fito, sana'arsa, da labarin zuwansa Lome. Duk abin da ka saka, 'yan aji na iya gani.

Ni kuwa sai tsalle. Ina da kaka, Alhaji Mai Koko, tsohon dillalin shanu, wanda in ya fara labari sai shayi ya huce a hannunka ba ka kurɓa ba. Na same shi a ƙofar gida, ya gyara zama.

"Amarya, rubuta da kyau," in ji shi (haka yake kirana tun ina rarrafe). "Ranar da na iso Lome da shanun maigidana, wani bijimi ya ƙwace a kasuwa. Maza suka watse. Ni kaɗai na tsaya. Na damƙi ƙahonsa, na murɗe, sai da ya durƙusa!"

Na ce, "Alhaji, to laƙabin Mai Koko fa?"

"Kyauta ce. Ba a wuce ƙofata da yunwa."

Wayyo daɗi! Na shigar da komai, na liƙa hotonsa cikin babbar riga, na sa taken da manyan baƙaƙe: ZAKIN ZONGO. Sati guda ba wanda ya huta da ni. Har mai zemijan, wato ɗan acaɓan da ya ɗauke ni zuwa gidan goggona a Totsi sai da ya sha labarin bijimi, shi da ko Hausa ba ya ji. Kullum ina buɗe rumbun nan, amma nawa kaɗai nake karantawa (me zan yi da kakannin da ba su taɓa kokawa da sa ba?).

Ranar gabatarwa aka gayyaci iyaye, aka aro majigi. Na fita gaba ina taku ɗaiɗai. Ban tsaya ga karantawa ba, sai da na kwatanta: na kama kujerar Mushe na murɗe ta har ƙasa. Aka yi tafi. Na rusuna sau biyu.

Mushe Idi ya ce, "Très bien, madalla. Amma da na rubuta 'Mai Koko' a wurin bincike, bayani biyu ne suka fito. Rakiya, zo ki karanta naki."

Rakiya yarinya ce shiru-shiru da ke zama a bayan aji. Ta yi hira ne da kakarta, Hajiya Lami, wadda ta tsufa tana sayar da koko. Ga ta nan kuwa zaune a sahun gaba da carbinta.

Rakiya ta fara: "Kakata ta ce akwai wani saurayi siriri da ya zo da shanu daga arewa. Bijimi ya ƙwace, ya yi huci sau ɗaya. Saurayin ya ruga yana kiran uwarsa, ya faɗa cikin tukunyar kokonta. Allah ya taimake shi, kokon ya riga ya huce. Tun ranar ake ce masa Mai Koko."

Duk wannan kuwa hoton Alhaji na nan a bango, ƙato, yana murmushi.

Wani uba ya tambaya daga baya, "To wa ya kama bijimin?"

Hajiya Lami ta ɗaga carbi. "Wata Ba'ewiya ce, 'yar ƙabilar garin nan, mai sayar da kifi, da majanyin goyonta. Shi kuwa hularsa da ludayi muka tsamo ta."

Ajin ya fashe. Liman ma, da ya zo saboda ɗansa, sai da ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na girgiza. Ni ina tsaye kusa da kujerar da na kayar, ban san ko in ɗaga ta ko in shige ƙarƙashinta ba.

Na isa gida ina huci. "Alhaji! Ka kunyata ni!"

Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Au, Lami tana nan da rai?" Ya yi dariya har da tari. "Amarya, labari kika ce in ba ki. Ba ki ce in rantse ba."

Mushe bai goge nawa ba. Ya haɗa bayanan biyu gefe da gefe, ya ce haka ake gane tarihi, ya ba Rakiya maki mafi yawa. Ni kuma na samu sunan 'Yar Koko har na gama makarantar.

Abin da na koya? In dattijo ya ce maka "ni kaɗai na tsaya", kada ka yi saurin tafi. Nemi tsohuwar da ke sana'a a wurin ranar.